Gurun Sarzan

Mu Kurfayawa, in aka cire gero a shekarar da ruwa ya yarda, babu abin da muka fi ba ƙasar nan kamar 'ya'ya maza masu kaki. Aikin allurar dabbobi ya yi yawo da ni daga Gaya har Difa, daga Difa har Agadas, kuma duk garin da na sauka, in na gitta ƙofar bariki sai na ji wani yana magana da harshen gida. In na tsaya na tambaya, sai in tarar na san kakansa. Wannan sojan da zan ba da labarinsa ɗan yayata ne. A bariki sarzan ne, mai igiya a kafaɗa, kuma da sunan muƙamin nasa muke kiransa har a gida, tun muna yi don tsokana har ya bi shi.

Yayata ta yi aure a wani ƙauye gabas da Filinge, a gindin dutsen da ya tsare kwarin. Mijinta Azne ne, wato cikin waɗanda suka riƙe addinin kakanni, suna yanka a gindin itace, suna da dodanninsu na gida. Ba ya salla, bai kuma taɓa hana yayata yin tata ba. Ni ƙanen mata ne, saboda haka tsakanina da shi sai wasa. In na sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, da jakata, tun daga nesa zai ɗaga murya:

"Ga Alhajin shanu nan! Wagga shekara wace ƙasa ka tahi ka soke ma bisashe gindi?"

Ni kuma in ce, "Tsoho, har yanzu ba ka gaji da ba itace kaji ba? Ka ba ni su, ni ma ina da baki."

Sai ya yi dariya har ya yi tari, ya sa a kama mini zakara.

Zamanin mulkin soja na farko, bayan babban fari, yaron ya shiga soja. Uwarsa ta riga ta rasu. Ina gida hutu ranar da zai tafi. Uban ya shiga da shi ɗaki su biyu, suka daɗe, da suka fito na ga ƙugun yaron ya ɗan tasa a ƙarƙashin riga. An ɗaura masa guru. Guru ɗamara ce ta fata, an ɗinke magani a cikinta, kuma na gidansu sananne ne a duk yankin: maganin ƙarfe, wanda aka ce tun zamanin mashi da kibiya ba a taɓa huda wanda ya ɗaura shi ba. Ni ban yarda da shi ba, ban kuma yi gardama ba. Na ga irinsa a jikin mafarautan Bambara, na gan shi a Kumasi ɗinke a rigunan yaƙi na dā, na ga Buzaye da layu har wuya ya cika. Ban taɓa zuwa ƙasar da uba zai aika ɗansa gaban bindiga hannu sake ba. Wanda ba shi da guru yana da addu'a.

Kowane magani da sharaɗinsa. Na wannan gurun kowa ya san shi a ƙauyen, har yara: in mai guru yana wurin yaƙi, matarsa ta tsare kanta. In ta kula wani namiji, magani ya karye, ƙarfe ya sami hanya. Haka ake faɗa, kuma tun da ba wanda ya taɓa mutuwa da shi a ƙugu cikin sanin masu rai, maganar ba ta taɓa cutar da kowa ba. Abin tsokanar amare ne kawai.

Sai da yaron ya daɗe da zama sarzan sannan ya yi aure. Matar 'yar Bonkuku ce, doguwa, mai saurin dariya. Ba ta bi shi bariki ba a lokacin, don an yi ta canja musu wuri, sai ta zauna a gidan tsohon tana yi masa tuwo. Tsohon yana ji da ita. In na je, sai ya ce, "Ka ci ka ji, Alhaji. Matan birninku sun iya haka?"

Sojoji sun miƙa mulki, aka shiga zamanin jam'iyyu, arewa kuma ta kama da wutar tawaye. Ni na yi ritaya na dawo Filinge. Sarzan ya zo hutu da rani, ya koma. Damina ba ta kai ga faɗuwa ba labari ya zo cewa ya rasu, an binne shi can.

Daga baya aka kira mu farfajiyar ofishin sufurhe, wato shugaban gunduma. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaga tuta. Wani hafsa ya zo daga Yamai da lambar girma a cikin ɗan akwati. Ya yi jawabi da Faransanci mai kyau, ni kuma aka tsayar da ni kusa da tsohon in fassara masa. Na yi iya ƙoƙarina, amma jawabin irin wanda za a iya karanta wa kowane mamaci ne: ƙasa ta yi rashi, ya cika aikinsa, ba za a manta da shi ba. Ba a faɗi abin da ya yi ba. Ina jin hafsan ma bai sani ba.

Tsohon ya karɓi akwatin da hannu biyu. Sai ya juyo gare ni.

"Tambaye shi, mi ya kashe shi?"

Na tambaya. Hafsan ya ce harsashi.

"Ya shiga jiki?"

Hafsan ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. Ya ce ya shiga.

 Mutanen ƙauyen suna tsaye bayanmu, kuma sun ji.

Na taɓa zuwa kwas a Faransa, na ga kowane ƙauye da dutsensa a tsakiyar gari, an sassaƙa sunayen waɗanda yaƙi ya ci. A Kumasi na ga an binne tsohon soja da ganguna da rawa kamar ana naɗin sarauta. Cikin Buzaye, mata ke yanke hukunci: in sun saka namiji cikin waƙar gogensu, ya zama namiji har abada. Mu a ranar nan ba mu tambayi abin da sarzan ya yi ba. Tambayar da mutane suka koma gida da ita ita ce ta ina ƙarfe ya bi.

Ba wanda ya fito ya ce mata ga laifinki. Da an yi haka da ta sami abin amsawa. Tana cikin takaba, ga ciki ya fito, sai mata suka rage shigowa gaisuwa. Yarinyar da take aikawa rijiya ta dawo ta ce an ce ta jira sai kowa ya gama. Wata rana na je ƙauyen, ina ɗaure jakin da na ara a gindin gawo, na ji mata biyu suna wucewa da tulu.

"Ke dai bari. Gurun da ya tsare kaka da kakan kaka?"

"Ruwa ba ya tsami banza."

"Kuma kin ga lokacin da cikin ya hito."

"Ni ban ce komi ba."

"Ni ma ban ce ba."

Kafin kaka har an samo namijin. Wani tela ne a kasuwar Filinge da ta taɓa kai wa ɗinki. Bawan Allah bai san ana yi da shi ba, sai da ya ga matan ƙauyen sun daina kawo masa zane.

Na sami tsohon a zaure, na ajiye wasa gefe. Na ce masa wannan zalunci ne, harsashi ba ya tambayar abin da matar mutum ta yi. Na ce yaron ya yi wata guda a gida da rani, kowa ya gan shi, cikin nasa ne.

Ya ce, "Alhaji, ni ban ce ta yi ba."

"Ba ka kuma ce ba ta yi ba."

"To in ce mi? In ce gurun ubana ƙarya ne?"

Ya daina cin tuwonta. Bai kore ta ba, bai zage ta ba, sai dai in ta gaishe shi ya amsa yana duban wani wuri. Ta haifi mace. Ranar suna ya tashi da sassafe ya tafi gona, a lokacin da babu abin yi a gona. Ni na kawo rago, ni na kira liman daga Filinge. Haihuwa ta fitar da ita daga takaba, ubanta kuwa ya aiko da amalanke daga Bonkuku aka kwashe ta da kayanta. Da za ta hau ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, "Baba, na tahi." Daga ciki ya ce, "Sauka lahiya." Bai fito ba.

Shekara ta kusa zagayowa. Wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ina zaune wurin masu goro sai wani ɗan kamasho na tasha ya zo da baƙo. Ya ce mutumin nan yana neman gidan wani sarzan da ya rasu, Hausarsa ba ta da yawa, an ce ni ne kawun. Baƙon saurayi ne baƙi siriri, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Na yi masa Zabarmanci, fuskarsa ta saki. Bagurme ne daga yamma da kogi, soja ne a ƙarƙashin sarzan. Ya ce ya daɗe a asibitin Yamai, an sallame shi daga aiki, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai koma garinsu ba sai ya gai da uban sarzan. Bai san komai ba game da abin da ake faɗa. Ni ma ban gaya masa ba.

Washegari muka tafi ƙauyen a amalanke. Tsohon ya rame, wuyansa ya zama kamar na angulu. Ya sa aka kawo ruwa, ya dubi sandar baƙon, ya ce mini, "Wanga fa? Shi ma allura ka yi mishi?" Wasan ya fito, amma babu dariya a bayansa.

Bagurmen ya fara da Hausar bariki, da ya kai inda maganar ta yi nauyi sai ta ƙare masa, ya koma Zabarmanci, ni ina juyawa. Ga abin da ya faɗa, yadda na riƙe shi.

Suna rakiyar motocin kaya ne a hanyar arewa. Hanyar ta sauka cikin wani busasshen rafi mai duwatsu hagu da dama, sai wuta ta tashi daga sama. Motar gaba ta kama da wuta. Hafsan da ke jagorantarsu, yaro ne sabon fitowa daga makaranta, shi aka fara samu. Yawancinsu sababbi ne, ba su taɓa jin harbin da ake nufinsu da shi ba. Ya ce shi kansa ya kwanta ƙarƙashin mota ya rufe kai, ya manta yana da bindiga. Wani na kiran uwarsa. Wani ya tashi zai gudu fili, inda za a ɗauke shi kamar zabo.

Sai suka ji muryar sarzan. Ba ihu yake ba, ya ce, magana yake kamar ana rabon abinci. Yana bin su ɗaya ɗaya yana kiran kowa da garinsu. "Kai ɗan Gaya, kifi ya ƙare ne ka kwanta? Tashi ka kama dutsen can." "Bagurme, in ka gama duba ƙasa ka gaya mana abin da ta ce, sannan ka ɗauki bindigarka." Mutanenmu Gurmawa, in ji shi, an san su da duba a ƙasa, kullum da haka sarzan ke tsokanarsa. Ya ce bai san lokacin da ya yi dariya ba, a ƙarƙashin mota, ana harbi. Da ya yi dariyar sai ya ɗauki bindigarsa.

Sarzan ya raba su biyu, waɗansu suna harbi waɗansu suna ja da baya, har ya fitar da su daga rafin zuwa wani tudu mai duwatsu inda za a iya tsayawa. A wurin hawan ne aka sami Bagurmen a cinya, ya faɗi a fili. Akwai direba ma kwance, da wani. Waɗanda suka kai tudun sun tsira, sarzan yana cikinsu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai ya ajiye bindigarsa ya sauko.

Tsohon ya ɗaga hannu, na tsaya.

"Tambaye shi, ƙaƙa ya ɗauke shi?"

Bagurmen ya nuna: ya saɓa shi a kafaɗa, kai a baya, ƙafafu a gaba.

"Jinin fa?"

Ya ce jini kam kamar an yanka rago. Ya jiƙe wa sarzan riga tun daga kafaɗa har wando.

"Har ƙugu?"

Har ƙugu. Ya ce ya ma tuna wani abu. Da sarzan ya durƙusa zai ɗauke shi, ya ga yadda jinin ke zuba, sai ya ɗan tsaya, ya dafa ƙugunsa, ya ce da Hausa, "Tsoho zai yi faɗa." Sannan ya ɗauke shi. Ya ce bai gane abin da yake nufi ba, har yau. Ya kai shi tudu, ya koma ya kawo direban. A komawa ta gaba ne aka same shi a haƙarƙari. Ya rarrafo da kansa. Ya yi ta ba da umarni yana kwance har waɗancan suka janye, ya cika kafin taimako ya iso.

Na yi aiki shekaru cikin mutanen da suka yi harbin nan, na sha shayinsu, na san su ma a ranar wata uwa ta rasa ɗa. Ban faɗi haka a zauren ba.

 Tsohon ya ce wa baƙon, da Hausa, a hankali don ya gane, "Ka gode Allahnka, ɗana. Ka ci abinci kahin ka tahi." Ya tashi ya shiga cikin gida.

Da na sa baƙon a mota na dawo, na tarar da tsohon a bayan rumbu yana zaune a kan turmi. Bai bari na zauna ba ya fara.

"Sharaɗin biyu ne."

Na ce wanne da wanne.

"Na mata, wanda kowa ya sani. Da wani, wanda ba a faɗi sai ga wanda za a ɗaura ma. Jinin wani mutum ba ya taɓa shi. Mai guru ba ya ɗaukar wanda anka sara, ba ya ɗaukar gawa. Kakanninmu da sunka yi shi, don su kashe sunka yi shi, ba don su ɗauko kowa ba. Na gaya mishi a ɗakin can. Na ce ko ɗan'uwanka ne, ka bari wani shi ɗauka. Ya ce to, Baba."

"Kuma ba ka taɓa tunanin ko wannan ne ya karye ba?"

"Yaron da bai taɓa ƙetare maganata ba? Na ce mishi bari, ya bari, tun yana rarrafe." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na zaɓi in zargi ɗiyar mutane da in zargi nawa."

Na ce to, yanzu sai a faɗa wa gari.

A nan ne na gane abin da ke gabansa. Sharaɗin ɓoye, in ya fita bakin mai shi ya shiga kunnen jama'a, maganin ya mutu. Ba na wannan gurun kaɗai ba, na gidan duka, har abada. Abin da ubansa ya ba shi, wanda shi ma ya karɓa daga nasa uban, wanda saboda shi ake sauke murya in an zo ƙofar gidansu. Yana da 'ya'yan ƙanne biyu a soja a lokacin, kowanne da irinsa a ƙugu. A ganina fata ce da ƙulle-ƙulle. A ganinsa zai tuɓe yara biyu ne tsirara a gaban bindiga, don ya wanke mace ɗaya.

Ya ce, "Kai ma da na gaya maka, na riga na rage mishi ƙarhi."

Ban matsa masa ba. Na koma Filinge. Na yi ta jira, har na fara cewa a raina ba zai yi ba.

Wata Lahadi sai ga shi a kasuwa da rigarsa ta saƙi, ya ɗauko maroƙin ƙauyensu mai kalangu. Ya ce in zo in tsaya kusa da shi. Muka tsaya a tsakanin 'yan hatsi da layin teloli, inda matan ƙauyuka suka fi taruwa. Maroƙin ya buga, ya yi kirarin gidan, mutane suka ɗan matso suna zaton sanarwar biki ce. Tsohon yana faɗa a hankali, maroƙin yana ɗagawa. Ya faɗi yadda ɗansa ya fitar da mutanensa daga rafin. Ya faɗi yadda ya koma. Da ya zo kan sharaɗin, maroƙin ya sauke kalangu ya dube shi.

"Baba, in faɗi wanga?"

"Faɗi."

"A kasuwa?"

"A kasuwa anka ɓata ta."

Maroƙin ya faɗa. Ya ce jinin wani ne ya karya gurun, sarzan da saninsa ya ɗauka, matarsa ba ta da laifi, ɗiyar da ta haifa jinin gidan ce. Wani dattijo Azne da ke sayar da igiya ya tashi ya naɗe kayansa ya bar wurin, bai dubi kowa ba. Waɗansu mata suka rufe baki. Amma kasuwa kasuwa ce. A bayanmu wani yana rantsuwa a kan farashin tiya, jaki yana kuka, mai ƙosai tana kiran yaron da ya gudu da canji. Abin da gidan ya tsare tun kafin zuwan Nasara ya fita cikin wannan hayaniya, bai ɗauki lokacin shan fura ba. Na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Ni dama ban taɓa yarda ba." Na gane muryar. Ɗaya ce cikin masu tulun nan.

Sai Bonkuku. Muka shiga motar kasuwa mu biyu, yana riƙe da ƙullin goro da turmin zane. Uban matar sarzan ya karɓe mu a ƙofar gida da fuska ba yabo ba fallasa, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar darni, ya aika a kira ta. Ta fito da goyo. Ta rame, dariyar nan babu alamarta. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Kawu, sannunku da hanya. Baba, sannunku."

Tsohon ya kasa farawa, sai ni na ba da labarin, tun daga zuwan Bagurmen har kasuwa. Tana sauraro kanta a sunkuye, tana jijjiga yarinyar. Da na gama, tsohon ya ce, "Ɗiyata, na ci amanarki. Na zo in roƙe ki, in kuma maida ke ɗakinki."

 Ta ɗago ta dube ni.

"Kawu, kun ce ya dafa ƙugu kahin shi ɗauke shi?"

"Haka yaron ya ce."

"Ke nan ya sani."

Tsohon ya ce, "Ya sani."

"Ya san in ya taɓa jinin, maganin ya karye."

"Ya sani."

"Ya kuma san sharaɗin da gari ya sani ɗaya ne. Nawa." Muryarta ba ta tashi ba. "Ya san in ƙarhe ya same shi, ni za a duba. Ya tuna Baba zai yi faɗa. Ni bai tuna abin da za a yi mini ba."

Ubanta ya ce, "Ke, a yi haƙuri. Mutum a cikin wuta..."

"Na sani. Na san ya kyauta. Uwar yaron nan Bagurme tana can tana sa mishi albarka, ta kuma yi daidai. Kowa ya samu nashi. Soji sun ba da lamba, Baba ya samu ɗansa jarumi." Ta gyara goyon. "Ni ina ta roƙon Allah shi bayyana gaskiya. Ga ta ta bayyana."

Na buɗe baki in ce wataƙila ya tuna da ita, lokaci ne bai ba shi ba. Na fasa, don ban sani ba, ita ma ta san ban sani ba.

Tsohon ya ce ko zai ga yarinyar. Ta kwance ta, ta miƙa wa ubanta, uban ya miƙa masa. Ya riƙe ta a cinya, yarinyar ta kama gemunsa ta ja. Ya ce, "Ja, uwata, ja. Na cancanta." Ba wanda ya yi dariya.

Ta ce, "Ɗiyarku ce, Baba, duk ran da kunka so ganinta ƙofa a buɗe take. Amma ni ba ni komawa rijiyar can." Ta tashi. "Ku sha ruwa kahin ku kama hanya, rana ta yi."

Ta shiga ɗakin uwarta ta saki labule. Muna zaune da kwanon ruwa a gabanmu sai kukan ya taso. Ban taɓa jin irinsa ba, ko a gidan mutuwa. Uwarta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce mana kada mu damu, mu bar ta. Ta ce tun ranar da labarin rasuwar ya zo ba ta yi masa kuka ba. A can ƙauyen, in ta yi za a ce nadama ce, in ba ta yi ba za a ce ga shi nan, sai ta haɗiye, ta zo gida da shi a haɗiye.

Muka zauna har ya lafa. Tsohon ya miƙa yarinyar ga kakarta, ya ajiye goron da zanen a gefen tabarma, muka fita neman motar komawa.

Ba ta koma ƙauyen ba. Shi ne ya riƙa zuwa Bonkuku, duk bayan girbi, da damin gero a kan jaki, har shekarar da ƙafa ta hana shi.